Ga ɗan'uwan da ya tambaya ko ya ajiye adda a bayan ƙofa

Sannu ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Ka ce sun fasa maka ɗaki a Agege sun kwashe janareta da wayoyi, kana tambaya ko zunubi ne mai bi ya sari ɓarawo, kuma me hukuma za ta yi maka. A taƙaice: in yana cikin ɗakinka da dare, rai na cikin haɗari, ka kare iyalinka. In ya juya ya gudu ko ya faɗi ƙasa, ka janye hannunka.

Ni nawa ya same ni lokacin kullen korona a 2020, sa'ad da muke ƙona taya a bakin layi muna gadi. Daren da ruwan sama ya kore mu, ranar suka yanke ƙarfen taga. Suka sa ni kwanciya rub da ciki a gaban 'ya'yana. Ina jin uwargida na roƙo, ɗaya na fizgar ɗan kunnenta har kunnen ya tsage. Ni kuwa ba abin da nake gani sai ƙafafu. A cikinsu na ga silifas shuɗi mai ɗaurin waya, na kuma san shi, don na wani yaro ne da ke cin tuwo a gidana, wanda ni na nema masa aikin dako. Washegari ya zo yi mini jaje! Har da "Baba, Allah ya tona asirinsu." Ya zauna a tabarmata ya sha kunu. Har yau in na tuna sai jikina ya ɗau rawa. Matasan layi suka ce in ba su izini kawai, taya da fetur na nan.

Wani dattijon ikilisiyarmu ne ya zaunar da ni ya buɗe Fitowa 22:2-3. In an kama ɓarawo yana fasa gida aka buge shi ya mutu, babu alhakin jini, amma in rana ta fito akwai alhaki. Cikin duhu ba ka san ko kaya ya zo ɗauka ko rai ba. Da rana kana ganinsa, maƙwabta na nan, hukuncinsa biya ne. Masu kawo maka Luka 22:36 kan sayen takobi su ƙarasa karatu, don a Matiyu 26:52 Yesu ya ce wa wanda ya zare takobi ya mayar da shi kube. Romawa 13 kuma hukuma ta ba takobin.

Dokar ƙasa ma kusan nan ta tsaya. Sashe na 33(2) na tsarin mulkin 1999 ya yarda a yi amfani da ƙarfi don kare rai ko dukiya, amma daidai gwargwadon buƙata, kuma alƙali ne zai auna gwargwadon bayan an gama, yana zaune cikin sanyin ofis. Ka tuna Sunday Jackson, manomin Adamawa. An kai masa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace ta ya kashe maharin, a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, wai da ya ƙwace wuƙar kamata ya yi ya gudu. Ban yarda da wannan hukunci ba ko kaɗan, amma ya nuna maka inda talaka yake tsaye. Ko kana da gaskiya za ka kwana a caji ofis, kuɗin lauya ya ci janareta uku. Bindiga kuwa kar ma ka fara, ba lasisi laifi ne mai zaman kansa. Kuma in an yi ihun "Ole! Ole!" (wato ɓarawo da Yarabanci) a layi kar ka sa hannu, wannan kisan kai ne, ga waya a hannun kowa tana ɗauka.

Addata tana nan, ban jefar ba. Amma usur da muka raba wa kowane ɗaki ya fi ta aiki. Ka sa 112 da 767, lambobin kiran gaggawa na Legas, a wayar madam. Ka matsa wa mai gidan hayarku ya gyara katanga, kuɗi kawai suka iya karɓa. Yaron nan ya bar unguwa da kansa, uwarsa kuma har yanzu muna gaisawa a kasuwa, ban taɓa faɗa mata ba. Ka lura da yaranka da dare, tawa ƙaramar ta daɗe ba ta yarda a kashe fitila ba.