Ina Gidan Wuta yake? Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Salama gare ka, ɗan'uwa. Ka tambaya ko gaskiya ne Gidan Wuta yana ƙarƙashin ƙasar da muke takawa, domin ka ji wani mai wa'azi ya faɗi haka babu ko shakka, sannan aka turo maka wani sauti a waya wai kururuwar 'yan wuta ce da Rashawa suka naɗa daga ramin da suka haƙa. Na daɗe ina koyar da ajin manya a makarantar Lahadi, kuma da wuya shekara ta zagayo ba a kawo mini wannan tambaya ba.

Zancen ramin ba ya buƙatar dogon bayani. Gaskiya ne an haƙa rami mai zurfin gaske a yankin Kola, arewa maso yammacin Rasha, tun daga 1970, kuma a 1989 ya kai mita 12,262, inda aka tarar da zafi na kimanin digiri 180. Faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, ko ɓawon ƙasa bai huda ba, alhali daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya ya haura kilomita 6,300. Duwatsu masu zafi aka samu. Labarin kururuwa ƙagaggen zance ne da aka liƙa daga baya, kuma bai dace a hau da shi kan bagadi ba.

Tushen ruɗanin shi ne muna tara kalmomi dabam-dabam na Littafi Mai Tsarki mu kira su duka da suna guda. A Tsohon Alkawari kalmar Ibrananci ita ce Sheol, mazaunin matattu, kuma kullum ana maganarta da gangarawa. A Littafin Ƙidaya sura 16 ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye Datan da Abiram da mutanen Kora, waɗanda suka yi wa Musa tawaye, suka gangara can da ransu. Sai dai ka lura, a Farawa 37:35 Yakubu ma ya ce can zai gangara yana makokin ɗansa Yusufu, kuma babu mai cewa Yakubu yana sa ran shiga wuta ne. Sheol ta fi kusa da abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce wane ya tafi lahira. A Sabon Alkawari kalmar Helenanci Hades ce ta ɗauki wannan matsayi, kamar a Luka sura 16, inda mai arziki yake shan azaba yana hango Li'azaru kusa da Ibrahim, da ƙaton rami a tsakaninsu. Idan ka haɗa da Matiyu 12:40, inda Yesu ya ce Ɗan Mutum zai yi kwana uku a cikin ƙasa kamar yadda Yunusa ya yi a cikin kifi, da Filibiyawa 2:10 mai ambaton na sama da na duniya da na ƙarƙashin ƙasa, za ka ga masu cewa ƙasa yake ba da ka suka yi magana ba.

Amma kalmar da Yesu ya fi yin gargaɗi da ita dabam ce, wato Gehenna, wadda masana harshe ke danganta kalmarmu ta Jahannama da ita. Asalinta sunan wuri ne, Kwarin Hinnom, a kudu da tsohon birnin Urushalima. A can ne sarakunan Yahuza irin su Ahaz da Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya, har sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin don a daina, annabi Irmiya kuma ya ce za a kira shi Kwarin Kisa. Allah ya ba ni dama na je ziyarar ibada, na tsaya a bakin kwarin nan da ƙafata. Abin da na gani ciyawa ce kore da itatuwan zaitun, wasu iyalai sun shimfiɗa zane suna cin abinci, yara suna guje-guje. Wata dattijuwa daga ayarinmu ta kama haɓa ta ce, "Malam, nan ɗin ne?" Na ce mata sunan ne aka ara daga nan, domin mutanen Urushalima sun san mugun tarihin wurin, da sun ji an ambace shi sun san hukunci ake nufi. Af, akwai kuma zancen da ake yawan maimaitawa a wa'azi cewa juji ne da wuta ba ta mutuwa a cikinsa a zamanin Yesu. Ni ma na koyar da shi shekaru kafin in gane cewa bayanin ya fito ne daga wani malamin Yahudawa, David Kimhi, wajen shekara ta 1200, shi ya sa yanzu nake kama bakina a kansa.

Ayar da ta fi warware mini ƙullin ita ce Wahayin Yahaya 20:14, inda aka jefa mutuwa da Hades cikin tafkin wuta. Tunda Hades kanta jefa ta aka yi, ashe ita da tafkin ba abu guda ba ne, kuma ayoyin gangarawa ƙasa suna maganar mazaunin matattu ne kafin ranar shari'a. Shi tafkin wuta ba a faɗi inda yake ba, sura ta gaba ma cewa ta yi sama ta fari da duniya ta fari sun shuɗe. A Matiyu 8:12 da 25:30 kuwa Yesu ya kwatanta hukuncin da duhun da ke can waje, inda ake kuka da cizon haƙora. Wuri guda aka siffanta da wuta, aka siffanta da duhun can waje, kuma wannan ya ishi mai hankali ya gane ba taswira ake zana masa ba.

Magabatan ikilisiya ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Fafaroma Giregori na Ɗaya, wanda ya rasu a 604, ya karkata ga cewa ƙarƙashin ƙasa ne, a rubuce-rubucensa har an danganta duwatsu masu aman wuta na yankin Sisili da ƙofofin azaba. Yohanna Kirisostom ya ga kamar a wajen wannan duniya yake gaba ɗaya, ya kuma shawarci masu sauraronsa su fi damuwa da yadda za su tsira. Agustin ya ce babu ɗan Adam da ya san wurin sai wanda Ruhun Allah ya bayyana wa. A 1714 wani limamin Ingila, Tobias Swinden, ya rubuta cewa cikin ƙasa ya yi kaɗan ga yawan ɓatattu, don haka a cikin rana yake.

A yau Cocin Katolika ta fi jaddada rabuwa da Allah, kuma a watan Yulin 1999 Fafaroma John Paul na Biyu ya bayyana cewa kalmar ta fi nuna halin wanda ya raba kansa da Allah har abada fiye da wani wuri. Da yawa cikin malaman Otodoks na fahimtar wutar a matsayin hasken Allah da ya zama azaba ga wanda ya ƙi shi. Shaidun Jehobah suna cewa Sheol kabarin 'yan Adam ne kawai, Adbentis kuma suna koyar da cewa wutar za ta sauko a ƙarshen zamani ta hallaka mugaye ƙurmus. Yawancin ikilisiyoyinmu masu bishara sun tsaya a kan cewa wuri ne na haƙiƙa kuma madawwami, ba tare da sun ɗaure kowa da cewa yana nan ko can ba.

Ni a nan nake tsaye, tunda za a ta da matattu da jiki, kuma jiki sai da wurin zama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da ƙarƙashin ƙasa rukunin bangaskiya, har a riƙa kallon mai tantama kamar ya musanta Nassi. In ka sake haɗuwa da mai wa'azin nan, ka tambaye shi cikin ladabi wace aya ya dogara da ita, sannan ku duba tare ko Sheol take faɗa, ko Hades, ko Gehenna, ko tafkin wuta.