Yadda Kake Kwanciya da Yadda Kake Numfashi: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, maigidana yana minshari sosai idan ya kwanta rigingine, amma da ya juya gefe sai abin ya lafa. Me ke kawo haka?

Amsa: A kwanciyar rigingine harshe da naman ganɗa suna zamewa baya su matse hanyar iska. Ki tokare masa baya da dogon filo don kada ya mirgina. Amma ki kasa kunne: idan numfashinsa yana ɗaukewa na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura kamar an shaƙe shi, da rana kuma yana ta gyangyaɗi, to ya je asibiti. Wannan ya wuce minshari, kuma yana iya jawo hawan jini.

Tambaya: Cikina wata bakwai, idan na kwanta rigingine sai numfashina ya yi nauyi.

Amsa: Malama, daga mako na 28 a gefe za ki riƙa kwanciya. A rigingine mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. In kin farka kin ga kin mirgina, ki juya kawai. In nauyin bai tafi ba, ki je awo ki faɗa musu.

Tambaya: Mahaifiyata ba ta iya kwanciya sai da filo uku, wani lokacin ma a zaune take kwana. Ƙafafunta sun kumbura. An ce asma ce, muna ba ta maganin tari da ƙwayar barci.

Amsa: Don Allah ku daina ba ta wannan ƙwayar daga yau. Wa ya auna ta ya ce asma ce? Abin da ka bayyana ya fi kama da gazawar zuciya. Idan zuciya ta yi rauni, ruwa yana taruwa a ƙafafu da rana saboda mutum na tsaye ko zaune. Da ya miƙe a gado sai ruwan ya koma cikin jini, zuciya ta kasa tura shi, ya taru a huhu. Shi ya sa mai wannan ciwon yake farkawa bayan awa ɗaya ko biyu yana haki yana neman iska, kuma da ya tashi zaune sai ya ji sauƙi. Tarin da kuke ji na ruwan ne, maganin tari ba zai taɓa shi ba. Ƙwayar barci kuwa, da duk maganin tarin da ke ɗauke da kodin, rage ƙarfin numfashi suke yi. Mutum yana kokawar shaƙar iska, a ce an ba shi abin da zai danne numfashin? Wannan ganganci ne, kuma ana rasa rai ta haka.

Ku kai Hajiya asibiti ba tare da jinkiri ba, a auna jininta, a duba zuciya da ƙoda. Kafin nan ta kwana a jingine, a rage mata gishiri, kada a tilasta mata miƙewa. Ku gaya wa likita filo nawa take sa wa a da, nawa take sa wa yanzu, domin ƙaruwarsu alama ce ta ciwon na ci gaba. Idan numfashin ya sarƙe tana zaune, ko leɓenta ya sauya launi, ko ta yi kaki mai kumfa, kada ku jira gari ya waye.

Tambaya: Ƙwannafi ke tashe ni da tari cikin dare.

Amsa: Kwanta a gefen hagu, ka ɗaga ƙafafun gado ta wajen kai da kamar santimita 15, kuma ka bar awa uku tsakanin abinci da barci. In ya ƙi, ga likita.

Tambaya: An ce in kwantar da jaririna rub da ciki don kada ya shaƙe da tumbiɗi.

Amsa: A'a, kada ki yarda. Jariri rigingine ake kwantar da shi har ya shekara, a kan katifa mai tauri, babu filo. Rub da ciki ne ke ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci. In kika ga haƙarƙarinsa na lotsawa yayin numfashi, ki garzaya da shi asibiti.