Ɗana ya shekara 3 bai iya riƙe cokali ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya cika shekara 3, ya yi shawara mai tsanani yana jariri. Yana tafiya, amma cokali ya gagare shi, ba ya iya cire wando. Likita ya tura mu wajen masu koyar da ayyukan yau da kullum. Gashin ƙashi ne? Maman Abba, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya. Ba ɗaya ba ne. Mai gashin ƙashi ya fi kula da zama, tsayuwa da tafiya. Wannan kuwa hannu da yatsu yake bi: cin abinci, sa kaya, riƙe fensir. Shawarar da ta yi tsanani kan taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa nake so a gwada jinsa ma, don takan shafi kunne.

Masu koyar da ayyukan yau da kullum kaɗan ne a Najeriya, a manyan asibitoci aka fi samunsu, saboda haka yawancin aikin a tsakar gidanki zai kasance. Naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri, ki fara masa da tuwo, wanda ke manne wa cokali, kafin kunu. Wando kuwa ki sauke masa har gwiwa, shi ya ƙarasa. Idan ya iya, ki tsaya a cinya. Ba shi kwaɓaɓɓen fulawa ya mulmula.

Abin da na fi faɗa da iyaye a kai shi ne tausayin da ke sa a yi wa yaro komai. Ki bar shi ya ɓata riga. Minti 10 kullum ya fi awa guda ranar Juma'a.