Shin ƙananan halittun cikin ƙasa za su raba dashe da buƙatar ban ruwa?

Tambaya: Malam, ni mai renon dashen itatuwa ne a yankin Gumel. Bara wani dillali ya sayar mini da ruwan magani a jarka, ya ce ƙwayoyin halitta ne da aka gwada a kan bishiyar fofla a Amurka, kuma duk dashen da ya sha shi ba ya jin fari. Na rage ban ruwa a watan Afrilu, sai fiye da rabin dashena ya bushe. Binciken ne ƙarya, ko ni ne na yi kuskure?

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Binciken gaskiya ne, abin da dillalin ya ɗora a kansa shi ne ƙarya.

Fofla bishiyar ƙasashen sanyi ce mai saurin girma da yawan shan ruwa, kuma ita ce bishiya ta farko da aka kammala karanta kundin ƙwayoyin gadonta a 2006, shi ya sa masana ke yawan gwaji da ita. Saiwarta tana ƙawance da fumfuna iri biyu, mai lulluɓe saiwa daga waje da mai kutsawa cikinta. Zaren fumfunar ya fi gashin saiwa siranta, don haka yana shiga ƙananan ramukan ƙasa ya janyo danshi da sinadarin fosfaras, bishiyar kuma ta biya shi da sukarin da ganye ya haɗa. Akwai kuma bakteriya da ke rage sinadarin itilin, wanda yawansa a lokacin ƙishi ke tsayar da girman saiwa ya sa ganye zubewa. A 2016 masana a Jami'ar Washington, cikinsu har da Sharon Doty, sun nuna cewa yankan fofla da aka sa wa bakteriyar da aka ciro daga fofla da dangoginta na daji ya fi wanda ba a sa wa ba girma da jure yankewar ruwa. To amma a tukwane aka yi gwajin, a ɗakin renon tsirrai, na ɗan lokaci.

Abin da ke ɓata mini rai, kuma kusan kullum sai na ji shi daga bakin masu gandu, shi ne zaton cewa waɗannan halittu suna maye gurbin ruwa. Ba sa ƙirƙirar ko ɗigo ɗaya. Danshin da ya rage a ƙasa suke taimaka wa saiwa ta kai gare shi, kuma idan ƙasar da ke cikin leda ta bushe ƙayau, su ma mutuwa suke yi ko su kwanta. Ledar dashe ba ta ɗaukar ƙasar da ta wuce cikin kwano, kuma a zafin bazara kan a yi la'asar ka taɓa baƙar ledar ka ji tana ƙuna. Wane danshi zaren fumfuna zai nemo a nan? Ka dubi ƙasar Sin: a ƙarshen kogin Tarim akwai foflar hamada, tana zaune da halittun ƙasarta tun fil azal, amma da kogin ya daina kai wa can a shekarun 1970 ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, sai dazukan suka riƙa bushewa, ba su fara farfaɗowa ba sai da aka soma sakin ruwa a 2000. Idan bishiyar da aka yi binciken a kan danginta ba ta tsira ba tare da ruwa ba, da wane ido dillali zai kalli mai gandu ya ce masa ya ajiye bokiti? Kuma abin da ke cikin jarkar, in ma akwai shi, rayayyen abu ne. Jarkar da ta yi watanni a rana a bakin kasuwa, ba takardar sunan ƙwayar, ba ranar lalacewa, ba abin da zan amince da shi ba ne. Wallahi cin amanar talaka ne.

Ban da haka, halittar da ta dace da fofla ba lallai ta dace da gawo ko dogonyaro ba. Gawo yana da nasa bakteriyar da ke yi masa ƙulli a saiwa tana samar masa da naitirojin, kuma tana nan a gonakinmu. Ka ɗebi ƙasar sama daga gindin lafiyayyen babban icce irin wanda kake reno, ka gauraya kaɗan da ƙasar ledarka da ruɓaɓɓen takin gargajiya. Kada ka cika takin zamani na sufa ko kamfa, domin yawan fosfaras yana sa saiwa ta ƙi karɓar fumfunar, kuma kada ka tsiyaya maganin kashe fumfuna a gindi sai da dalili. Ka yi wa dashen rumfa a bazara, ka ci gaba da ban ruwa safe da yamma, sai 'yan makonni kafin fitar da shi ka riƙa ragewa sannu a hankali, sannan ka dasa bayan damina ta kankama.