Faya-fayan jikin dokin sojan Rum, kwalliya ce kawai?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na ga hoton wasu faya-fayan ƙarfe masu zane, wai na dawakin sojojin Rum ne. Ado ne kawai ko suna da wani amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh ɗan uwa, adon yana nan amma aiki ne ya fara kawo su. Rumawa basu da likkafa sam, sirdinsu mai ƙaho huɗu ne da yake riƙe cinyoyin mahayi, kaga kenan in sirdin ya zame gaba ko baya sai dai a tsinci mutum a ƙasa. Shi yasa bayan majayi suke ƙara maɗaurin fata ta ƙirji da wani ta ƙugun doki, inda fatun nan suka haɗu kuwa nan ake sa faifan da ka gani, su suna ce masa falera, a bayansa akwai 'yan zobba da fatar take shiga.

Yawanci tagulla ce, sai a shafe fuskar da azurfa ko kuza, a zana ganyen inabi, a cike zanen da wani baƙin haɗi yadda zai fito raɗau. A ƙasan faifan kuma su rataya wani abun mai siffar ganye ko jinjirin wata, wani ma, a gafarce ni, siffar gaban namiji, wannan kam laya ce a wajensu don kare doki daga mugun ido.

Wanda yafi burge ni shine saitin da aka samu a Zantan ta Jamus kusa da kogin Rayin, yanzu yana gidan tarihin Birtaniya a Landan, a jikin faifai ɗaya an rubuta sunan Filini kwamandan mahaya, masana suna ganin shine shahararren marubucin Rum da ya mutu shekara ta 79 miladiyya lokacin aman wutar dutsen Besubiyas na Italiya. Ba lallai dokinsa bane fa, zai iya zama na wani daga cikin sojojin da ke ƙarƙashinsa.

Kayan da suka fi nauyin ado kuma na ranar wasa ne, don suna da wasan dawakai na nuna bajinta, kusan kace hawan sallah. A Shitirawbin ta Jamus shekarar 1950 an tono marufan fuskar doki na tagulla, wurin idon an huhhuda shi yadda dokin zai rinƙa gani.