Fijo 504 ɗin mahaifina za ta iya komawa ta lantarki?

Tambaya: Malam, na gaji Fijo 504 haɗin Kaduna daga mahaifina, injinta ya mutu. Ina son mayar da ita mai amfani da lantarki. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Kada ka fara sayen batir. Kai ta wurin mai walda, a ɗaga ta a leƙa cikinta, domin tsatsa ce ke kashe irin wannan aiki. Batiran lityam suna da nauyi, ruɓaɓɓen ƙarfe ba zai ɗauke su ba.

In ƙarfen lafiya lau ne, a auna nauyinta gaba da baya kafin a cire injin, tankin mai, lagireto da salansa, don a san inda za a raba batiran.

Abin da na ga mutane suna mantawa shi ne birki. Daga injin fetur yake samun zuƙar iskar da ke sa shi kamawa da sauƙi. Da an cire injin sai ya yi tauri, dole a sa masa famfon lantarki. Giyar hannunta kuwa ka bar ta, ana iya haɗa ta da sabon injin lantarkin.

Wayoyin batir kada ka ba yaron gareji, wutarsu tana kisa.