Tambaya da Amsa: Kafin Ka Ƙara Tuwita a Motarka

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa: "Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Corolla, kuma idan na kunna rediyo ko karatu sai in ji muryar kamar daga cikin tulu take fitowa. Riwayan da ke yi mini aiki ya ce in sayo tuwita guda biyu ya ɗaura mini. Da na je kasuwa sai na ga wasu masu arha an rubuta wat 500 a kwalinsu, wasu kuma an rubuta wat 40 amma sun fi tsada nesa ba kusa ba. Wanne ya kamata in saya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar riwayanka tana kan hanya, amma kafin ka fitar da kuɗi yana da kyau ka san abin da tuwita ke yi da wanda ba ta yi. Ana auna kauri da sirantar sauti da yawan girgizarsa a cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da ake rubutawa Hz, kuma kunnen ɗan'adam mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000, ko da yake ɓangaren sama yana raguwa da shekaru. Tuwita ƙaramar sifika ce da aka ƙera domin siririn sauti kawai, daga wajen 2,000 zuwa sama, inda ƙarar kuge take, da kaifin goge, da wani yanki na "s" da "sh" da "ts" a bakin mai magana. Sifikun ƙofa kuwa suna can ƙasa kusa da ƙafarka, kuma siririn sauti miƙe yake tafiya ba ya yin kwana kamar mai kauri, saboda haka kujera da kafet da wandonka suke shanye shi tun bai kai kunne ba. Wannan ne ya sa kake jin muryar kamar a tulu.

Sai dai ka fara gwada abu biyu da ba za su ci maka ko sisi ba. Ka shiga saitin rediyon ka duba ko wani bai rage siririn sauti ba, sannan ka karkatar da sautin zuwa kowace ƙofa ɗaya bayan ɗaya ka saurara. Idan ka ji wata tana kakari ko tana rawa kamar takarda, to sifikar ce ta yage, kuma ɗora tuwita a kanta kamar sabuwar hula ce a kan yagaggiyar riga. A irin wannan hali gara ka sayi cikakken saiti, wato babbar sifika da tuwitarta da akwatin raba sauti a kwali ɗaya, tunda masu ƙerawa sun riga sun daidaita su da juna. Ka kuma lura da abin da kake saurare: tashar AM ba ta aiko da sautin da ya wuce wajen 5,000 sosai, FM kuwa tana kaiwa 15,000, don haka mai sauraron AM zalla ba zai ji wani bambancin kirki ba, haka ma mai kunna sautin da aka yi ta turawa a WhatsApp har ya dusashe.

Batun wat 500 kuwa, kada ya ruɗe ka. Wannan lamba, idan ma gaskiya ce, tana nufin abin da na'urar za ta jure na ƙiftawar ido ne, kuma lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da za ta iya jurewa na tsawon lokaci. Rediyon mota da aka rubuta wa wat 50 sau 4 a goshi, abin da yake bayarwa a zahiri bai cika wuce wat 20 ko kusa da haka a kowace sifika ba, daga ciki kuma ɗan kaɗan ne ke zuwa ga tuwita. Mai wat 40 ta ishe ka har da rara. Yawancin masu arhar nan irin da ake kira piezo ne, marasa maganaɗisu, za ka ji su ba nauyi a hannu, suna da ƙara amma ƙarar tana soka kunne. Ni dai a motar da ake doguwar tafiya da iyali na fi son mai ƙoƙon siliki, wato wadda aka yi ɗan ƙoƙon tsakiyarta da ke girgiza ya fitar da sauti da siliki, domin sautinta ya fi taushi. Mai ƙoƙon alminiyum ko titaniyam ta fi kaifi, wasu kuma hakan suke so. Ka tabbata an rubuta om 4, wanda shi ne ma'aunin yawancin sifikun mota. Sunaye irin su Pioneer da JBL da Kenwood da Alpine sanannu ne, kuma sanin nasu ne ya sa jabunsu ya yi yawa, saboda haka ka sa mai shago ya haɗa maka ka ji da kunnenka kafin ka biya.

Tambaya ta biyu daga Kaduna ta zo, daga wani direba da ya ce an ɗaura masa tuwita, ta yi mako ɗaya tana tsiwa har kansa na ciwo, daga nan ta ɗauke gaba ɗaya, kuma mai shagon ya ce ba ya karɓar abin da aka riga aka ɗaura.

Ɗan'uwa, ina kyautata zaton ba tuwitar ce mai laifi ba, haɗin ne. Wayar da ke cikin tuwita siririya ce kamar gashi, kuma ƙoƙonta ba a yi shi don ya yi ta kai da komo da nisa ba, saboda haka idan sauti mai kauri ya shige ta kai tsaye, wayar tana yin zafi ta ƙone. Abin da ke tare mata wannan shi ne kafasita, wani ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar dabino da ake sakawa a kan wayar fositif kafin ta isa tuwitar, wanda ke barin siririn sauti ya wuce ya riƙe mai kauri. Na taɓa tsayawa a rumfar wani riwaya ina kallo, yaronsa yana ƙoƙarin zura waya ta wata 'yar kafa a jikin ƙofa, kafasitar ta ƙi wucewa, sai ya ɗauko filaya ya datse ta ya jefar a ƙasa, ya murɗe wayoyin ya naɗe da salatif. Da aka kunna kiɗa ya tashi, mai motar ya yi murna ya biya ya tafi, alhali kwanakin tuwitar a ƙirge suke.

Girman kafasitar ma yana da lissafi. A kan tuwita mai om 4, kafasita mai maikrofarad 10 tana fara rage sauti daga wajen 4,000 zuwa ƙasa, mai 4.7 kuma daga wajen 8,500. Idan kana ƙara tuwita ne a kan sifikun ƙofa da ke aiki, mai 4.7 ta fi dacewa, domin tana barin tuwitar ta cike saman kawai ba tare da ta yi gasa da sifikar ƙofa a tsakiya ba, kuma wannan gasar na daga cikin abin da ke haifar da tsiwar da ta sa maka ciwon kai. Lallai ta zama irin wadda ba ta da fositif da negetif, ba wadda aka ciro daga tsohuwar talabijin ba. Idan tuwitar ta zo da nata akwatin raba sauti, shi za a yi amfani da shi, ya fi kafasita ita kaɗai tsaro. Wasu akwatunan ma suna da wurin haɗi da aka rubuta 0 da -3, idan kaifin ya yi yawa sai a mayar da wayar kan -3. Akwai kuma ɗabi'ar da ke kashe tuwita ko da haɗin daidai yake, wato ƙure ƙarar rediyo har sauti ya fara fashewa, domin fasasshen sauti cike yake da ƙarfin da tuwita ce ke ɗaukarsa.

Wata Hajiya daga Kano ta ce ɗanta yana so ya ɗaura wa Hondarta tuwita da kansa, tana tambaya ko akwai haɗari, da kuma inda ya fi dacewa a saka.

Hajiya, aikin bai fi ƙarfin yaro mai natsuwa, amma akwai wurin da ba a wasa da shi. Ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba wuri ne mai kyau ga sauti, sai dai a motoci da yawa ta nan jakar iskar gefe ke fitowa idan an yi haɗari, kuma galibi za a ga an rubuta SRS a wajen. Kada ya huda nan, kada ya ratsa waya ta gaban jakar, kada kuma ya taɓa duk wata waya ko soket mai launin rawaya. Wurin da ya fi sauƙi shi ne 'yar kusurwar roba da ke bayan madubin gefe, kuma a wasu motocin ma za a tarar kamfani ya bar gurbin tuwita a nan ko a saman dashbod, sai dai a duba. Kafin ya huda komai, ya manna su na wucin gadi, ki zauna a kujerar direba ki saurara, ya ɗan karkata su har muryar ta zama kamar daga gabanki take fitowa, duka biyun a tsayi ɗaya. Idan an daidaita ya ɗaure da sukurori, domin gam ɗin da ke zuwa cikin kwali ba ya jure zafin dashbod a watan Afrilu. Fositif ya tafi ga fositif a ɓangarorin biyu, haɗin kuma a yi shi da solda a rufe shi da kyau.

Ya cire kan batir na negetif kafin ya fara, amma ku nemo lambar sirrin rediyon tukuna, domin rediyon Honda da yawa yana kullewa idan wuta ta yanke, ba ya buɗewa sai an saka lambar, wadda akan samu a kati cikin takardun motar ko a manne cikin akwatin gaban kujerar fasinja. Idan kuma motar tana da amfilifaya tun daga kamfani, wayoyin ƙofa na iya zama ba su ɗauke da siririn sauti kwata-kwata, a nan kam ya bar wa gwani aikin.